Sardauna Ahmadu Bello: Daga littafin harajin Raba zuwa makarantar koyon mulki ta Kongo

Matashin Dogondutse ko Tibiri da ya kammala digirin farko, yake neman ƙara na biyu a fannin gudanar da mulki don ya shiga aikin gwamnati, sunayen makarantu biyu ne suka fi zuwa kunnensa. Ta farko ita ce ENA ta Yamai, wadda aka kafa a 1963. Ta biyu kuma ita ce Kongo ta Zariya, a tsallaken iyaka, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke koyar da wannan fanni har zuwa digirin digirgir.

Mutumin da jami'ar ke ɗauke da sunansa bai taɓa yin digiri a aji ba. Duk da haka, kaɗan ne daga shugabannin ƙasar Hausa suka damu da horar da ma'aikacin gwamnati kamar yadda ya damu. Tarihin Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Jihar Arewa ta Najeriya, yana bayyana dalilin da ya sa aka fara koyar da mulki a makaranta a wannan yanki, da abin da aka so mai takardar ya yi da ita.

Iyaka ɗaya, tsarin mulki biyu

Labarin ya shafi mutanen Dallol Mawri kai tsaye. A yarjejeniyar 1898, Ingila da Faransa sun ja iyakarsu ta cikin wannan kwari, sannan suka zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. An sake gyara layin a 1904 da 1906. Da ƙura ta lafa, ƙasar Arawa ta rabu biyu. Dogondutse da Matankari da Tibiri suka faɗa hannun Faransa, su Kangiwa kuma suka zauna ƙarƙashin masarautar Argungu a lardin Sakkwato, hannun Ingila.

'Yan uwan juna suka tashi ƙarƙashin tsari iri biyu. A ɓangaren Faransa, kwamanda Bature ne ke riƙe da akalar komai, 'yan ƙasa masu ilimi kuma ana horar da su a makarantar William Ponty ta Senegal su zama malamai da akawu, kamar Diori Hamani da Boubou Hama. A ɓangaren Ingila, an bar sarakuna da hakimai suna gudanar da hukumar gargajiya da ake kira En'e, mai baitulmalinta da kotunanta da 'yan dokarta, Razdan da Di'o suna sa ido daga sama. A cikin wannan tsari na biyu Ahmadu Bello ya koyi aiki.

Tashinsa da karatunsa

An haife shi a Raba, gabas da Sakkwato, a 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne hakimin Raba, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Mahaifin ya rasu Ahmadu yana ƙaramin yaro. Bayan karatun allo, aka sa shi makarantar lardi ta Sakkwato, daga nan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1926, ya fito a 1931.

Wannan kwaleji, wadda daga baya ta koma Kaduna sannan Zariya ta zama Kwalejin Barewa, ita ce ƙololuwar ilimin boko a Arewacin Najeriya a lokacin. Daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa da yawancin waɗanda suka riƙe gwamnatin farko suka fito. An kafa ta ne don samar da malaman makaranta, saboda haka Ahmadu ma ya koma Sakkwato ya koyar a makarantar Midil na shekara uku.

Hakimi mai shekara 24

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi hakimin Raba. Aikin hakimi a zamanin ya wuce rawani da zagi. Shi ke ƙidayar magidanta, ya raba haraji tsakanin ƙauyuka ta hannun dagatai, ya ƙirga shanun makiyaya don karɓar jangali, ya ba da rasit, ya kai kuɗin baitulmali cif. Shi ke sa a gyara hanya, a haƙa rijiya, a kai rahoton annoba ko fara. Ahmadu yana cikin hakiman farko da suka iya karanta takardar Di'o da Turanci, su amsa ta da kansu ba tare da tafinta ba.

Da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu a 1938, Ahmadu ya nemi sarautar, amma aka zaɓi ɗan uwansa Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 a kan gadon. Sabon sarkin ya ba shi sarautar Sardauna, wadda shi kansa ya riƙe kafin hawansa, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin masarautar. Gusau gari ne na jirgin ƙasa da cinikin gyaɗa da auduga, cike da baƙi da kamfanonin Turawa. A can ya ga yadda mulki yake idan ya haɗu da kasuwa da kuɗi masu yawa.

Shari'ar jangali

A 1943 aka zarge shi da cin kuɗin jangali. Kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗaurin shekara guda. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu da ta zauna a Zariya, aka wanke shi.

Shari'ar ta sa sunansa ya bazu tsakanin matasa 'yan boko, waɗanda suka ɗauke ta a matsayin makircin fada. Ta kuma tona raunin tsarin kansa. Kuɗin jama'a suna bi ta hannaye da yawa, takardun shaida ba su da ƙarfi, kuma hukumar da ke tuhuma ita ce ke yanke hukunci. Mai gaskiya na iya shiga gidan yari, ɓarawo kuma ya kwana a gidansa. A wancan lokaci duk faɗin Jihar Arewa babu ɗan ƙasa ko guda da ya zama lauya. Sai a 1955 Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori ya zama na farko.

Daga baya ya daidaita da Sarkin Musulmi, ya dawo Sakkwato ya riƙe manyan ayyuka a ofishin En'e, inda harkokin ma'aikatu da dama suka riƙa bi ta teburinsa.

Kwas ɗin Ingila

A 1948 ya samu tallafin zuwa Ingila don nazarin mulkin ƙananan hukumomi. Kwas ne gajere, amma ya zo wa mutumin da ya riga ya yi shekara 14 yana aikin a aikace. A Ingila, zaɓaɓɓun kansiloli ne ke yanke shawara, ƙwararrun ma'aikata na dindindin su aiwatar. Magatakarda daban, ma'aji daban, kuma mai binciken kuɗi yana zuwa daga waje ya duba littattafai, yana da ikon sa wanda ya kashe kuɗi ba bisa ƙa'ida ba ya biya daga aljihunsa. Ga wanda shari'ar jangali ta kusa kai wa kurkuku, wannan darasi ba ya buƙatar dogon bayani.

Shekara guda da dawowarsa, a 1949, ya shiga Majalisar Jihar Arewa a Kaduna bayan rasuwar Wazirin Sakkwato Abbas. Ya halarci babban taron tsarin mulki na Ibadan a farkon 1950. A watan Agustan shekarar, Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurin neman a gyara tsarin En'e, wanda ya girgiza fadoji. Sakamakonsa, a 1952 aka soke ikon sarki na yanke hukunci shi kaɗai, aka ɗaure shi da shawarar majalisarsa. A shekarar Sardauna ya zama ministan ayyuka, daga baya ya karɓi ma'aikatar ƙananan hukumomi da raya karkara. Dokar En'e ta 1954, wadda ta tsara majalisu da harkar kuɗin hukumomin gargajiya, ta fito ne daga wannan yunƙuri.

Rikicin 1953 da tambayar wa zai riƙe ofis

A watan Maris na 1953, Anthony Enahoro ya kawo ƙuduri a majalisar Legas cewa Najeriya ta samu mulkin kai a 1956. Sardauna ya nemi a cire shekarar, a bar abin sai lokacin da zai yiwu. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Legas, a watan Mayu kuma rikici ya ɓarke a Kano, aka rasa rayuka.

Abokan hamayya sun fassara matsayinsa da son zaman Turawa. Lissafinsa kuwa na ma'aikata ne. Manyan kujerun gwamnatin Arewa suna hannun Turawa. Na tsakiya, wato akawu da ma'aikatan gidan waya da na jirgin ƙasa, yawancinsu 'yan Kudu ne, waɗanda makarantun mishan suka ba su ratar shekaru masu yawa. Idan Bature ya tafi a 1956, yankin da ya fi kowanne faɗi da yawan jama'a zai wayi gari ba shi da mutanensa a ofisoshin da ke yanke masa hukunci.

Da ya zama Firimiya ranar 1 ga Oktoba 1954, wannan matsala ita ce ya sa a gaba. Ko da jam'iyyarsa ta NPC ta samu damar kafa gwamnatin tarayya, ya bar wa mataimakinsa Tafawa Ɓalewa kujerar firaminista a Legas, shi ya zauna Kaduna.

Kongo: inda aka mayar da mulki darasi

A unguwar Kongo ta Zariya akwai wata makarantar horar da akawu da aka buɗe a 1947. A 1954 aka ɗaga darajarta ta zama Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki. A 1957 aka fara kwas na musamman don samar da 'yan Arewa da za su zama mataimakan Di'o, kujerar da a da sai Bature mai digirin Oxford ko Cambridge. Tunda masu digiri ba su da yawa, sai aka riƙa zaƙulo haziƙai daga cikin malaman makaranta da akawu da ma'aikatan En'e, a koya musu doka da lissafin kuɗin gwamnati da rubuta rahoto da yadda ake rangadi, sannan a tura su gunduma su yi aiki ƙarƙashin wanda za su gada. Wasu an ƙara tura su Ingila.

Cibiyar ba ta tsaya kan manyan ma'aikata ba. Ma'ajin En'e da magatakarda da kansiloli, har da 'ya'yan sarakuna da hakimai, sun zauna a azuzuwanta. Da gwamnatin ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958, ciki har da Alƙalin Alƙalan Sudan Abu Rannat, aka samar da kundin hukunta laifuka da ya fara aiki a 1960, a Kongo aka riƙa tara alƙalai ana koya musu sabuwar dokar.

Jihar Arewa ta samu mulkin kanta ranar 15 ga Maris 1959, ranar da ta yi daidai da faɗuwar Sakkwato a hannun Turawa a 1903. Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe jami'a a Zariya, Sardauna ya zama ubanta na farko, Norman Alexander ɗan ƙasar New Zealand kuma shugabanta. Cibiyar Kongo ta shiga cikin jami'ar tun ranar farko, ta fara ba da digiri. Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, da tallafin hukumar USAID, ta turo malamai ta kuma karɓi ɗalibai. Ta wannan hanya salon Amurka na digiri na biyu a gudanar da mulki, wanda makarantar Maxwell ta Jami'ar Syracuse ta fara tun 1924, ya samu shiga Arewa. Mahmud Tukur, wanda ya yi karatu a Pittsburgh, ya shugabanci cibiyar kafin ya zama shugaban farko na Jami'ar Bayero ta Kano.

A daidai wannan lokaci Nijar, wadda ta samu 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, tana fama da irin wannan ƙarancin ma'aikata. Gwamnatin Diori Hamani ta bi sawun Faransa, wadda ta kafa tata ENA a 1945, inda ake shiga ta jarrabawar gasa a fito kai tsaye zuwa aiki. Hanyoyin sun bambanta, ciwon da ake magani ɗaya ne.

Abin da manufar ta ci

Manufar mayar da aiki hannun 'yan Arewa tana da tsari bayyananne. Idan akwai ɗan Arewa da ya cancanta, shi za a ɗauka. Idan babu, a ɗauki baƙo daga ƙasar waje a kan kwantaragi, domin shi zai tafi idan wa'adinsa ya cika. Ɗan Kudu shi ne zaɓi na ƙarshe. Tsakanin 1954 da 1958, 'yan Kudu sama da 2,000 sun rasa aikinsu a gwamnatin Arewa. Waɗannan mutane ne masu iyali, wasunsu a Arewa aka haife su, kuma ɗacin abin yana cikin abubuwan da suka ɓata zaman Najeriya a shekarun da suka biyo baya.

A cikin gida kuwa, ma'anar ɗan Arewa ta haɗa kowa. Kiristoci daga Kabba da Binuwai da Filato, irin su Sunday Awoniyi, sun yi aiki kusa da Firimiya sun kuma kai manyan matsayi.

Akwai wani tabon. Gwamnatin da ke horar da ma'aikaci ya bi doka ita ce kuma ta bar kotunan alƙalai da 'yan dokar En'e suna gallaza wa 'yan adawa, musamman magoya bayan NEPU ta Malam Aminu Kano. Ƙasar Tibi ta yi bore a 1960 da 1964, aka murƙushe shi da ƙarfi. A 1962 aka yi dokar da ta ɗora kwamishinonin lardi, waɗanda 'yan siyasa ne, a saman ƙwararrun ma'aikatan da suka gaji Razdan. Tun daga nan aka fara jayayyar da har yau ba ta ƙare ba, ta iyakar ɗan siyasa da ta ma'aikaci.

Binciken kuɗi kuma ya kai har manyan fadoji. A 1962 aka naɗa D.J.M. Muffett ya binciki baitulmalin En'e ta Kano. Rahotonsa ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963, aka kai shi Azare. Wasu sun ga hakan shaida ce cewa littafin kuɗi ya fi ƙarfin rawani. Wasu, musamman a Kano, sun ɗauke shi rikicin manya biyu da aka sa wa rigar bincike. Har yanzu ana wannan muhawara.

Rasuwarsa da abin da ya tsaya

Da asubahin 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka afka wa gidansa a Kaduna, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. A juyin mulkin aka kashe Tafawa Ɓalewa da Firimiyan Yamma Samuel Akintola da wasu manyan hafsoshi. Gidan shi ne Arewa House a yau, cibiyar adana tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Hotonsa ne a kan takardar naira 200.

Ya bar Bankin Arewa da kamfanin raya Arewa da gidan rediyo da talabijin na Kaduna da jaridar New Nigerian, wadda ta fara fitowa makonni biyu kafin a kashe shi. Wasu daga cikin waɗannan sun durƙushe. Abin da ya fi nuna ƙarfinsa shi ne ma'aikatan. Da aka wayi gari babu Firimiya babu ministoci, Ali Akilu, wanda ya gaji Bature Bruce Greatbatch a matsayin sakataren Firimiya, shi da abokan aikinsa suka ci gaba da tafiyar da gwamnati ƙarƙashin gwamnan soja Hassan Usman Katsina. Da Yakubu Gowon ya raba Arewa zuwa jihohi 6 ranar 27 ga Mayu 1967, daga cikin waɗannan ma'aikata aka rarraba waɗanda suka kafa sababbin gwamnatocin, ana tsakiyar yaƙin basasa. Wasunsu, irin su Ahmed Joda da Liman Ciroma, sun kai ƙololuwar aikin gwamnatin tarayya.

Abin da ya rage wa masu neman digirin a yau

Buƙatar da ta haifi Kongo da ENA tana nan. Nijar ta yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, a 2011 kuma aka ƙirƙiro sababbin gundumomi, ciki har da Tibiri da aka cire daga Dogondutse. Kowace ƙaramar hukuma, daga Matankari da Dankasari zuwa Gesheme da Dumega, tana buƙatar magatakarda da ya san doka, da mai karɓar kuɗin shiga da littafinsa zai jure bincike, da wanda zai iya rubuta kasafin kuɗi ya kare shi. Darussan digiri na biyu, wato kasafin kuɗi da dokar gudanarwa da tsara manufofi da kula da ma'aikata, an tanade su ne don wannan aiki.

Sai dai da yawa yanzu suna neman takardar ne don ƙarin girma ko kujera a babban birni, wasu kuma don ta buɗe musu ƙofar ƙungiyoyin ƙasashen waje. Neman ci gaba ba laifi ba ne. Amma a tsarin da Sardauna ya kafa, wanda ya fito daga Kongo gunduma ake fara tura shi, ya yi rangadi, ya zauna da dagatai, ya duba rasit. Shi kansa ya yi shekara 14 tsakanin Raba da Gusau da ofishin En'e kafin ya shiga ajin koyon mulki, shi ya sa kwas gajere ya yi masa amfanin da ya yi.

Ga 'yan ƙasar da ke karatu ko aiki a Faransa da Kanada da Amurka, tarihin yana da wani gefe. Waɗanda aka tura Ingila da Pittsburgh a wancan zamani sun tafi ne da sanin cewa akwai kujerar da ke jiransu a gida, kuma sun dawo sun zauna a kanta. Samar da irin wannan tabbaci, ta hanyar ɗaukar aiki bisa cancanta da biyan albashi kan lokaci da kare ma'aikaci daga fushin ɗan siyasa, nauyi ne da ke kan gwamnatocin Yamai da Abuja. Nauyin mai takardar kuma shi ne ya yarda a tura shi inda aikin yake, ko da ofishin ɗaki biyu ne a bakin kasuwar ƙauye.